Jinin Mama Sakina

Ku 'yan zamanin nan kun samu abu a sauƙaƙe. Mutum ya tofa yawu a 'yar kwalba, ya jefa a akwatin gidan waya, bayan 'yan makonni wayarsa ta yi ƙara ta faɗa masa inda kakanninsa suka fito. Ran nan bayan sallar Idi na ji ɗayarku tana faɗi da Turancinta wai ai abin ba wuya, inji ne ke yin komai. To ku gyara zama. Ni Rabi shekara takwas na yi ina wannan aikin da hannuna a nan Greensboro ta Amurka, lokacin da injin bai iya komai ba sai abin da ka ɗora masa.

A farkon shekarun casa'in na biyo maigidana daga Zariya, shi yana karatun aikin gona. Muka kama wani ɗan ƙaramin gida a unguwar Glenwood, mu da yara biyu. A gida dama aikin gwajin jini nake yi a asibiti, don haka da na ji ana neman mataimakiya a wani lab na jami'a, wato ɗakin bincike, sai na tafi da takarduna. Mai lab ɗin wata mata ce 'yar kudancin Indiya, gajera, mai saurin magana. Farfesa kawai muke ce mata. Abin da take bincike shi ne asalin mutanen yankinsu, Indiya da Pakistan da Bangaladash da Siri Lanka: ta ina iyayensu maza suka biyo, ta ina iyayensu mata suka biyo. Ita ce ta sa hannu a takardar da ta ba ni izinin aiki a ƙasar nan. Ku riƙe wannan.

Aikina na farko wanke gilashi ne. Wata shida cur. Wadda aka damƙa ni a hannunta sunanta Mis Doris, baƙar fata ce 'yar gabashin Greensboro, ta girme ni da shekara ashirin, ba ta fashin coci kuma ba ta yarda da ƙazanta. Akwai wasu faifan gilashi guda biyu, tsawonsu ya kai daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa har ya ɗara. Zan wanke su da sabulu, in ɗauraye, in goge da sifirit, in miƙa mata. Sai ta ɗaga su sama wajen fitila ta karkata kai.

"Rabi, zo ki gani. Wannan mene ne?"

"Ban ga komai ba, Mis Doris."

"Shatin yatsanki ne. Sake."

Har na fara tunanin ko raina ni ta yi don na zo daga Afirka. Sai daga baya na gane a tsakanin gilasan nan biyu ake zuba jel, wani ruwa mai daskarewa, siriri kamar takarda, kuma ɗigon maiƙo ɗaya ya isa ya haifar da kumfar da za ta lalata aikin kwana huɗu.

Ranar da ta fara koya min fitar da DNA daga jini, nawa jinin muka ɗiba, don ba a koyo da na mutane. Ana fasa ƙwayoyin jinin, a wanke da wani magani mai warin da ke bin mutum har cikin bas, a juya a inji, a tsiyaye. A ƙarshe sai a zuba sifirit mai sanyi a hankali ta gefen kwalbar. Ina kallo sai ga wani farin abu ya taso yana naɗewa, kamar yauƙin kuɓewa, kamar zaren auduga a ruwa. Mis Doris ta sa 'yar sandar gilashi ta naɗo shi ta ce, "Ga ki nan, ke da duk waɗanda suka haife ki."

A cikin zaren nan abu biyu muke bi. Akwai wani ɓangare da uwa kaɗai ke bayarwa. Tana ba 'ya'yanta maza da mata, amma mata ne kawai ke miƙa shi gaba. Shi muke kira layin uwa. Akwai kuma wanda uba ke ba ɗansa namiji, shi ma ya ba nasa ɗan. Layin uba ke nan. Kowannensu yana tafiya ɗaruruwan shekaru kusan ba canji, sai jefi-jefi harafi ɗaya ya sauya, sauyin kuma ya zama tambari ga duk zuriyar da ta biyo baya. Tambarin nan muke nema.

Samun jinin ma aiki ne. Ranar Juma'a da Lahadi mukan ɗauki akwatin ƙanƙara mu bi mutane: masu otel-otel na bakin hanya, likitoci, ɗalibai, masu shagon kayan yaji. Farfesa ta fi shiga cikin 'yan addininta, ni kuma ta masallaci nake samo mata Musulmi. Kowa sai ya sa hannu, sai mu tambaye shi garin da aka haifi kakarsa ta wajen uwa da kakansa na wajen uba, da yaren da suke yi. Kusan kowa ya san sunan kakan kakansa namiji. Da an zo kan mata sai ka ga mutum ya tsaya yana sosa ƙeya. Akwai wani likita da ya zo da takarda doguwa mai jerin sunaye har ƙasar Larabawa, yana so mu buga masa hatimi a kai. Farfesa ta ce masa, "Dokta, ni ba na ganin sunaye a jini. Ko gari ba na gani." Bai ji daɗi ba, amma ya miƙa hannu aka ɗiba.

Karanta haruffa shi ne gwanintar sana'ar. Bayan an ninka ɓangaren da ake so a inji, sai a haɗa shi da wani sinadari mai tururin da ido ba ya gani, mai cutarwa in ya yi yawa. Saboda shi kowa ke maƙala ɗan bajo mai auna tururin a ƙirji, ga kuma wata na'ura a kan tebur da ke ƙas-ƙas-ƙas in ta shinshino shi. Da fifet ake ɗiga samfurin a bakin jel. Fifet wani abu ne kamar biro mai tsotsar ruwan da bai kai hawayen sauro ba. A saki wutar lantarki ta ja shi ƙasa, a busar da jel ɗin, a kwantar da fim irin na hoton asibiti a kai cikin ɗaki mai duhu, a jira kwana biyu ko uku. In Allah ya taimaka sai fim ya fito da layuka huɗu masu ƙananan zane kamar matakalar tsani. Ɗaya ta riƙe rula tana hawa tana kiran haruffa, ɗaya tana rubutawa. Sai mu yi musanya mu sake daga farko. Mutum ɗaya yakan ci mana mako biyu.

A hankali hoton ya fara fitowa. Layukan uwa na mutanen nan yawancinsu tsofaffi ne ƙwarai, na ƙasar ne tun zamanin da ba wanda ya san lissafinsa, kuma ba su damu da addini ko yare ba. Sai ka ga mai otel ɗan Gujarat da ɗalibi Musulmi ɗan Bangal sun haɗu a kaka ɗaya can baya. Layukan uba kuwa sun fi gauraya, wasu na gida, wasu suna da 'yan'uwa can arewa da yamma. Farfesa takan ce mazan sun yi ta shiga da fita, matan suna nan suna haihuwar kowa.

Shekara ta biyar ita ce mummunar shekara. A kowane gwaji mukan sa kwalba ɗaya da ruwa zalla a ciki, ba jinin kowa, don ta zama shaida. Dole ta fito fayau. Wata Talata ta fito da zane. Muka zubar da magungunan duka muka haɗa sababbi, ta sake fitowa da zane. Ma'anarsa DNA ɗin wani yana yawo a ɗakin yana faɗawa cikin aikinmu. Wata huɗu muna wanke tebura da bilic, muna sauya safar hannu kamar masu taɓa wuta. A ƙarshe Mis Doris ta kwance wani fifet da kowa ke amfani da shi, ta tarar da datti ya bushe a cikinsa. Aka jefar da sakamakon rabin shekara. Farfesa ta rame, ta daina shan shayi da mu.

Muna farfaɗowa ke nan sai ga samfurin Malam Nasir. Injiniya ne ɗan Karachi, yana zaune a Pleasant Garden, can bayan gari, da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwar mahaifiyarsa, Mama Sakina. Ni na kawo shi, don da matarsa muke sahu ɗaya a masallaci. Mutum ne mai fara'a, kullum yana ba da labarin kakansa na wajen uba da ya zo daga Farisa da rawani da littattafai. Ni na fitar da DNA ɗinsa, ni na yi masa gwajin farko na layin uwa, wanda ba ya karanta haruffa, yana dai nuna babban gidan da mutum ya fito. Da hoton ya fito sai na ga tambarin da ban taɓa gani a jinin mutanen nan ba. Amma na san shi sarai. Shi na gani a nawa jinin ranar da nake koyo. Tambarin Afirka ne.

Na sake gwajin, ya sake fitowa. Na kai wa Farfesa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta rufe ƙofar ofis.

"Rabi, wa ya taɓa wannan kwalbar?"

"Ni kaɗai, Farfesa."

"Kwalbar shaida fa?"

"Fayau take."

"Amma ke kika taɓa, kuma naki tambarin ne ya fito." Ta cire tabarau ta murza ido. "Ba zan iya sake asarar wata shida ba. Daga yau kada ki taɓa samfurin kowa sai na gane abin da ke faruwa. In ya tabbata daga hannunki ne, ban san yadda zan sa hannu a takardarki ta baɗi ba."

Ban yi musu ba, don ni ma da ni ce ita abin da zan zarga ke nan. Na koma wanke gilashi. Maigidana yana tsakiyar rubuta kundin digirinsa, yara suna makaranta, ban faɗa wa kowa ba sai shi.

Mis Doris ce ta shiga ofis bayan kwana uku, ni ina bakin famfo ina jin su.

"Mutumin nan uwarsa tana da rai?"

"Tana nan," in ji Farfesa.

"To ki ɗebi nata. In jininsa ne da gaske, nata zai zo iri ɗaya sak. Ki yi da hannunki a wani ginin. Kada Rabi ta taɓa, ni ma kada in taɓa, don nawa ma daga can ya fito. Sannan ki karanta haruffan su ukun, uwar da ɗan da Rabi. In ya so a san wanda za a kora."

Ranar Asabar da hantsi muka tafi Pleasant Garden, Farfesa da wata nas da ni. Dole aka tafi da ni, don tsohuwar ta ce ba za ta miƙa hannu ba sai matar masallacin nan tana wurin. Gida ne babba a tsakiyar fili, ga itatuwa. Mama Sakina tana zaune a kujera kusa da taga, 'yar ƙarama, baƙa fiye da ɗanta nesa ba kusa ba, ta naɗe kanta da farin mayafi har goshi. Ba ta jin Turanci, sai ɗanta ya fassara. Na yi sallama daga bakin ƙofa na tsaya can, hannuwana a baya.

Ta yi magana. Malam Nasir ya ce, "Wai me ya sa kika tsaya nesa kamar mai laifi?"

Na ce ya faɗa mata dokar aiki ce. Sai da nas ta rufe kwalbar ta sa a akwati ta fita da shi, sannan tsohuwar ta yafito ni. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama hannuna ta juya tafin, ta juya bayan, ta ajiye nata kusa da shi, ta yi ta kallo. Ta sa aka kawo mana shayi mai madara da citta.

Mako biyar Farfesa ta yi tana aikin ita kaɗai, ga koyarwa. Hannunta ya manta zuba jel, sau biyu kumfa tana ɓata mata. Ni kuwa gilasan lab ɗin nan ba su taɓa yin ƙyalli irin na lokacin ba. Wata Alhamis da rana ta shigo da fim uku ta shimfiɗa a kan akwatin haske, ta miƙa min rula.

"Karanta. Doris, rubuta."

Na hau tsanin farko, na hau na biyu. Na uwar da na ɗan ba su saɓa ko da harafi ɗaya ba. Na hau na uku, nawa. Gida ɗaya ne babba, amma ɗaki daban: mun rabu a wurare da yawa. Jinin Malam Nasir nasa ne, hannuna bai zuba komai a ciki ba.

Farfesa ta ce, "Na zalunce ki, Rabi." A gaban Mis Doris ta faɗa. Washegari ta sa hannu a takardata tun lokacinta bai yi ba.

Saura faɗa wa masu jini, don Farfesa ta yi alkawarin duk wanda ya tambaya za a gaya masa. Muka koma Pleasant Garden. Ta fara da layin uba. Ta ce tambarinsa ana samunsa daga Bangal har can yamma da Farisa, don haka ba za ta ce labarin kakansa gaskiya ne ba, ba kuma za ta ce ƙarya ne ba. Ya yi dariya ya ce ya karɓa. Sannan ta ce layin uwarsa daga Afirka ya fito, wataƙila ta gabas, bakin teku. Ta ce sananne ne akwai mutane a gaɓar tekun ƙasarsu da aka kawo kakanninsu daga can cikin jiragen ruwa, wasu bayi, wasu sojoji, wasu matuƙa. Ta ƙara da cewa zare ɗaya ne wannan cikin kakanni masu ɗimbin yawa.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Akwai kuskure." Ya kalle ni, ya kau da kai.

Tsohuwar ta taɓa gwiwarsa tana tambayar abin da aka ce. Ya faɗa mata a gajarce. Sai ta fara magana, a hankali, ta daɗe. Da farko yana fassara mana jimla-jimla, muryarsa a bushe.

"Ta ce ta sani. Ta ce kakarta ta wajen uwa a wata unguwar masunta take, kuma kowa ya san daga inda mutanen unguwar suka zo. Suna da wata doguwar ganga da ake bugawa a tsaye in ana biki. Kakar tana da wasu kalmomi da take faɗa in tana lallashin jariri, ba wanda ya san ma'anarsu, ita ma kakar ba ta sani ba."

Ya tsaya. Ta ci gaba, ta zungure shi ya fassara.

"Ta ce da ta auri babana, danginsa suna kiranta da wani suna saboda launinta. Babana ya hana su, amma ya roƙe ta kada ta riƙa kai mu unguwar. Ta ce ita ta yarda, don kada a kira mu da sunan. Ta ce ranar da kakarta ta rasu ina da shekara shida, ta ce min za ta kasuwa."

Daga nan bai ƙara fassarawa ba. Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, suka yi ta magana da yarensu. Ni da Farfesa muka zuba wa kofunanmu ido. Can na ji yana maimaita wani suna, tana gyara masa. Sunan kakar ne. Bai taɓa jin sa ba, yana da shekara arba'in da biyu.

Da muka tashi tafiya ta riƙe gefen mayafina ta yi tambaya. Ya ce, "Wai ke da ita dangi ne?"

Na ce ya faɗa mata gaskiya: mun haɗa kaka, amma can da nisa ƙwarai, kafin a san sunan Zariya ko Karachi. Ta saurara, ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, ta faɗi wata magana da ta sa matarsa dariya daga kicin.

"Ta ce nisa ba ruwanta. Wai daga gidan uwarta kika fito, don haka ke Khala ce a wurina." Ya share ido da bayan hannu. "Ƙanwar uwa ke nan."

Ya girme ni da shekara bakwai, amma daga ranar bai sake kirana da wani suna ba. A harabar masallaci, a gaban mutane, sai ka ji injiniya da furfura a gemu yana cewa, "Khala, an gaishe ki." Da azumi sukan aiko mana da shinkafarsu mai yaji, ni kuma in kai wa Mama Sakina kunun gyaɗa, ta ce ya fi magani.

Na ƙara shekara uku a lab ɗin kafin injunan karanta haruffa su zo, a daina fim da rula. Mis Doris ta yi ritaya, na koyar da mutum huɗu, kuma kowannensu da gilashi ya fara. Sakamakon Mama Sakina ya shiga cikin na sauran, lamba ce kawai a jerin lambobi, ba suna.

A shekarar ƙarshe Mama Sakina ta kwanta ciwo, aka dawo da ita gida daga asibiti. Na je duba ta wata Lahadi bayan azahar da 'yata, wadda na yi wa kitso shuku. Tsohuwar ta kira yarinyar ta shafa kanta, ta bi layukan da yatsa. Sannan ta sa surukarta ta rufe ƙofa, ta kai hannu ta zame mayafinta. Ban taɓa ganin kanta a buɗe ba. Gashi ne fari fat, gajere, mai murɗewa, irin namu. Shekara da shekaru tana danne shi da mai tana ɗaurewa, ciwo kuma ya sa ya cukurkuɗe, surukar ta ce ta rasa yadda za ta taje shi ba tare da ta ji zafi ba.

Na ce a ba ni ruwan ɗumi da man kwakwa. Na hau gadon na zauna a bayanta, na jingina ta a ƙirjina. Da yatsu na warware shi, kaɗan-kaɗan daga baki, sannan na tsaga da tsinken mataji na yi mata guda shida zuwa baya, ban ja da ƙarfi ba. Tun ina na biyu ta lumshe ido. Ta faɗi wani abu ƙasa-ƙasa, surukar ta matso ta saurara.

"Ta ce rabonta da a yi mata haka tun hannun kakarta."

Da kitson nan a kanta ta cika bayan kwana tara. Ranar wankan gawa matan suka tambaya wa zai shiga daga dangi, Malam Nasir ya ce Khala. Ni na warware kitson.